Ƙaramin Ɗan Kasuwa da Kuɗin Mai Hoto

Wanda ya shigo shago da ƙafarsa yana da hanyoyi da yawa na auna kaya. Zai ɗaga ya ji nauyi, ya murza yadi tsakanin yatsunsa, ya fita da shi bakin ƙofa ya duba launinsa a hasken rana, ya kuma kalli fuskar mai shagon ya ga ko mutumin yarda ne. Mai ciniki ta waya ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Hoto kaɗai ke gabansa, kuma a kan hoton nan zai yanke ko ya tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba, ko ya goga yatsa ya wuce gaba. Saboda haka nake ganin masu ƙananan sana'o'in da ke ɗaukar kuɗin ƙwararren mai hoto a matsayin almubazzaranci sun yi kuskuren lissafi. Sai dai da yawa cikin waɗanda suka biya ɗin ma asara suka tafka, domin sun karɓi hotuna kyawawa waɗanda ba su dace da inda za a sa su ba. Ra'ayina shi ne a biya ƙwararre, amma sau ɗaya ko biyu a shekara, don wasu hotuna ƙididdigaggu, bayan an yi shiri, kuma da yarjejeniya a rubuce. Hotunan yau da kullum waya ta ishe su.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce kyamarar wayar yanzu ta ƙware, me za a yi da mai hoto? Gaskiya ne ta ƙware. Amma abin da ake saye a wurin ƙwararre sanin haske ne, kyamarar da ke wuyansa tana biyo baya. Kuma wurin da rashin sanin haske ya fi cin kuɗin ɗan kasuwa shi ne launi.

Kowane haske yana da launinsa, ana kuma auna shi da ma'aunin Kelbin. Hasken rana da tsakar rana yana wajen 5500. Ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa yana tsakanin 2700 da 3000. Hasken inuwa ko na ranar gajimare yakan haura 6500, ya karkata zuwa shuɗi. Idon mutum yana gyara wannan bambanci da kansa, shi ya sa farar takarda take fara a idonka ko a ɗaki ko a waje. Ita kyamara kintace take yi. In haske iri ɗaya ne, sau da yawa takan dace. Matsalar ita ce yawancin shaguna da ɗakunan aiki haske biyu ko uku ke haɗuwa a cikinsu: na taga ta gefe ɗaya, ƙwan sama ta wani gefen, wani lokaci har da fitilar da ke cikin kantar jera kaya. Sai rabin rigar ya fito da ɗorawa-ɗorawa, rabi da shuɗi-shuɗi, kuma babu manhajar da ke gyara wannan da dannawa ɗaya, domin duk gefen da aka daidaita ɗayan ya ƙara lalacewa. Ga wani ƙarin: waya tana ƙara wa launi kaifi da kanta don hoto ya burge. Ja mai duhu ya koma ja zir, ruwan hoda ya yi ƙarfi, shunayya ta koma shuɗiya. Mai saye ya zaɓi abin da ya gani, aka kawo masa wani abu dabam. Daga nan sai musu, sai mayar da kaya, sai kuɗin aike zuwa da dawowa, sai kuma maganar da zai yi a kanka a inda ba ka nan.

Ƙwararre yakan fara da kashe fitilun ɗakin gaba ɗaya ya bar haske iri ɗaya. Zai ajiye wani kati mai ruwan toka a gefen kayan ya ɗauki hoton farko da shi, domin ya zama ma'aunin da zai daidaita launin sauran hotunan. Zai ɗauka da tsarin RAW, wanda ke ajiye bayanan launi yadda za a iya gyarawa daga baya ba tare da hoton ya lalace ba, saɓanin JPEG, tsarin hoto na yau da kullum, da kyamara ta riga ta yanke hukunci a kansa. In fitilar LED yake amfani da ita, zai nemi wadda makinta na fito da launi, wato CRI, ya kai 95 ko fiye. Sannan ya yi gyara a kan allon kwamfutar da aka saita launinsa, ya fitar da hotunan intanet da sRGB, tsarin launin da aka saba amfani da shi a intanet. Wani zai ce ai kowace waya da yadda take nuna launi, to ina amfanin wahalar? Amfanin shi ne kuskuren wayar mai saye kaɗai ya rage, ba a ɗora masa naka a kai ba.

Sai siffar kaya. Babbar kyamarar yawancin wayoyi mai faɗin gani ce, daidai da gilashin kyamara mai milimita 24 zuwa 26 (ƙanƙantar lambar, yawan faɗin ganin). In ka matsa kusa don kaya ya cika hoto, duk abin da ya fi kusa da waya zai kumbura. Bakin takalmi ya yi ƙato, dugadugin ya tsuke. Kwalba ta zama mai faɗin kai da siririn gindi. A hoton mutum kuwa hanci da goshi ke shan wahala. Mai hoto yakan ja baya ya yi amfani da gilashin milimita 85 zuwa 100, sai kaya ya fito da siffarsa ta gaskiya. Tsarin nan na waya da ke mayar da bayan hoto dishi-dishi shi ma yaudara ce ta manhaja: yakan cinye igiyar jaka, gefen gilashi, da bakin gashi, kuma mai lura yana gani.

Inda hannun ƙwararre ya fi fitowa fili shi ne kaya masu ƙyalli: kwalbar turare, agogo, sarƙa da zobe, tukunyar ƙarfe, tabarau. Irin waɗannan madubi ne. Abin da ke kewaye da su suke nunawa, shi ya sa za ka ga hoton agogo da hannun mai ɗauka da wayarsa a jikin gilashin. Ba a haska su kai tsaye. Ana sa babban farin yadi ko takarda tsakaninsu da fitila don hasken ya bazu ya yi laushi, a jera baƙin kwali a gefe don gefen kwalbar ya fito da layi, wani lokaci a ɗaura wa kyamara matacin da ke rage ƙyalli. Ƙananan kaya kuma suna da tasu fitinar: in an matsa kusa, ɗan wuri kaɗan ne ke fitowa sarai, gaban zobe ya fito, bayansa ya dushe. Ana rage buɗewar gilashi zuwa f/8 ko f/11, a bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a kan 100, a kafa kyamara a kan ƙafarta don kada ta motsa. In hakan bai isa ba, a ɗauki hoto goma ko ashirin, kowanne an saita shi a wani sashe na zoben, a haɗe su a kwamfuta su zama ɗaya. Mai sayar da irin wannan kaya da ya ce zai yi da kansa, yakan ɓata yini guda ya tashi da abin da shi kansa bai gamsu da shi ba.

Duk wannan kan hoto ɗaya ne. Abin da ke sa a gane sana'a kuwa shi ne kamannin hotunanta da juna. Buɗe shafin wani ƙaramin ɗan kasuwa ka duba hotuna talatin a jere: wannan a kan gado, wannan a kan tayil, wannan da dare, wannan an ɗauko shi daga shafin wani da tambarin mai shi a kusurwa. Ko kayan nagari ne, shafin yana nuna cewa ba a san inda aka dosa ba, har mai saye ya fara tunanin ko kayan ma suna hannunka. In kuwa shimfiɗa ɗaya ce, haske daga gefe ɗaya yake fitowa, tsayin kyamara ɗaya ne, launuka biyu ko uku na tambarinka suna maimaituwa, mutum zai gane hotonka kafin ya karanta sunanka. Wannan ne ainihin abin da ake biya.

A nan ne kuma hoton mai sana'ar kansa yake shigowa, wanda mutane da yawa ke jin nauyinsa. Babban kamfani yana da suna da zai tsaya masa. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da abin da ya wuce cewa akwai mutum na gaske a bayan kayan. Hoton fuska, hoton hannu yana ɗinki ko sassaƙa ko naɗe kaya, hoton wurin aiki yadda yake, su ne shaida. Wanda ba ya son nuna fuska, hannu da wurin aiki sun wadatar. Hotunan haya da ake saukewa daga intanet ba sa yin wannan aiki, domin fuskar da ka ɗauko tana shafin wasu da yawa, kuma da manhajar binciken hoto ta Google Lens kowa zai iya gano asalinta cikin daƙiƙa kaɗan. Hotunan da ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa su ma haka: suna iya yin bango ko ado, amma da zarar sun canza ɗinki, rubutun jikin kwali ko girman kaya, ka tallata abin da ba shi za ka aika ba.

To, ta ina kuɗin ke zubewa? Yawanci tun kafin mai hoto ya iso. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka mutane ke yi: a kira mai hoto, a tara masa kaya a tebur, a ce ya ɗauko masu kyau. Shiri na gaskiya yana farawa da tambayar ina kowane hoto zai zauna, domin kowane wuri da awonsa. Hoton tsaye na Instagram mai awon 4:5 yana da fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 1080 a faɗi, 1350 a tsayi. Wanda ke cika fuskar waya, irin na sitatus, awonsa 9:16 ne, wato 1080 da 1920. Saman shafin intanet kuwa hoto mai faɗi yake so, da fili a gefe inda rubutu zai zauna. Manyan kasuwannin intanet suna da ƙa'idarsu: Amazon, alal misali, yana buƙatar babban hoton kaya ya kasance a kan farin bango fat, kayan ya cika kashi 85 cikin 100 na hoton. In mai hoto bai san wannan ba, zai cika hoto da kaya har baki, ranar da ka zo yanka shi zuwa tsaye sai ka yanke hannun jaka ko kan mutum. Ka gaya masa ya bar sarari, kuma muhimman hotuna a ɗauke su sau biyu, a tsaye da a kwance.

Daga nan sai jerin hotuna a rubuce. Kada a ce duk kayan shago. A zaɓi goma da suka fi fita ko suka fi riba. Kowanne yana buƙatar kamar biyar: na gaba a kan farin bango, na gefe ko baya, na kusa da ke nuna ɗinki ko saƙa ko rubutu, wanda ke nuna girmansa a hannu ko a jikin mutum, da wanda ke nuna ana amfani da shi. Na nuna girma shi aka fi mantawa, kuma shi ke kashe tambayar nan ta "yaya girmansa yake?" da ke cika akwatin saƙo. Kaya goma, hoto biyar-biyar, hamsin ke nan. A ƙara biyar ko shida na mai sana'a, kamar goma na aiki da wurin aiki, da uku ko huɗu masu faɗi da fili don rubutun talla. Wannan ya isa a juya shi wata shida zuwa shekara. Sannan a yi lissafin lokaci da gaskiya: kaya mara ƙyalli yakan ci minti goma zuwa goma sha biyar, mai ƙyalli ya ci rabin awa ko fiye. Wanda ya kawo kaya ɗari ya ce a gama kafin azahar, hoton gaggawa ya saya da kuɗin ƙwararre.

Kayan kansu a zo da biyu-biyu, a zaɓi wanda ba shi da tabo, wanda takardar jikinsa ta zauna daidai. Tufafi a goge su tun daren jiya a rataye. Kwalba da ƙarfe a share su da tsumma mai laushi, a riƙa ɗauka da safar hannu, domin kyamara tana ganin zanen yatsa da ƙurar da ido ba ya gani, kuma cire su a kwamfuta aiki ne da ake caji dabam. Wanda za a ɗauka ya guji riga mai ƙananan layuka ko ƙananan ɗigo, don sukan fito da wani zane mai rawa a hoto.

Zaɓen mai hoton ma akwai tarko. Ƙwarewa a hoton biki ba ta nufin ƙwarewa a hoton kaya. Aiki biyu ne. Kada ka tsaya kan hotuna goma da ya zaɓo ya sa a shafinsa. Ka ce ya nuna maka aiki guda cikakke da ya miƙa wa wani mai sana'a, daga na farko har na ƙarshe. Duba ko farin bangon fari ne a duka, ko a wasu ya koma toka-toka. Ƙara girman hoton ka ga ko rubutun jikin kaya yana karantuwa. Duba fatar mutane: in kowa ya fito fes ba ƙofar gashi, ko mai duhun fata ya yi haske fiye da yadda yake, to hannunsa ya yi nauyi a gyara, kuma haka zai yi wa kayanka. Iyakar gyara a wurina ita ce a cire abin da ba na jikin kaya ba, kamar ƙura da zare. Abin da mai saye zai tarar in ya buɗe kwali, a bar shi. In kana shakka, ka ba shi kaya uku ya gwada kafin babban aiki, ka sa mafi wahala a ciki.

Sai maganar da ta fi jawo ɓacin rai daga baya, wato haƙƙin mallaka. Mutane suna ɗauka tunda sun biya, hoton nasu ne. A dokokin yawancin ƙasashe ba haka ba ne: haƙƙin yana hannun wanda ya ɗauki hoton, sai in ma'aikacinka ne ko an rubuta akasin haka. Abin da ka saya izinin amfani ne, kuma izini yana da iyaka. Saboda haka takarda ta faɗi ɓaro-ɓaro: hotuna nawa gyararru za a miƙa, cikin kwana nawa, sau nawa za a sake gyara in ba ka gamsu ba, a ina za ka iya amfani da su (shafukan sada zumunta, tallan da ake biya, kwalin kaya, allon talla), har tsawon wane lokaci, ko za ka iya ba dillalanka su yi talla da su, kuma ba tambarin mai hoto a jiki. Yawancin masu hoto ba sa ba da asalin RAW, kuma ba ka buƙatarsa in an ba ka manyan gyararru. Duk mutumin da fuskarsa ta fito, ma'aikaci ne ko abokin ciniki, ya sa hannu a kan yardarsa. In yaro ne, iyayensa. Ma'aikacin da yake murmushi a hoto yau, zai iya barin aiki da faɗa ya ce a cire fuskarsa daga takardun talla dubu da ka riga ka buga.

Wajen karɓa, kada a yarda a turo su ta WhatsApp a matsayin hoto, don yana matse su ya rage ingancinsu. A turo a matsayin fayil, ko ta ma'ajiyar intanet. Ka nemi kashi biyu: manya don bugawa, da ƙanana don intanet. Takarda mai girman A4 da za a buga da ɗigo 300 a kowane inci tana buƙatar fiksel 2480 da 3508. Hoton da aka matse ba zai kai ba, zai fito da gidaje-gidaje. Na shafin intanet kuwa faɗin fiksel 1500 zuwa 2000 ya isa, nauyinsa kada ya wuce kilobait ɗari biyu ko uku, domin shafi mai nauyi mutane ba sa jiran ya buɗe. Ka ajiye kwafi a wuri biyu aƙalla. Mai hoto ba ma'ajiyarka ba ne.

Ko kuɗin zai dawo? Wannan ba sai an yi duba ba. Ka raba kuɗin aikin da ribar da kake samu a kan kaya ɗaya, adadin da ya fito shi ne ƙarin cinikin da hotunan za su jawo kafin su biya kansu. In adadin ya yi daidai da cinikin mako biyu ko uku, ga hotunan za su yi shekara suna aiki, magana ta ƙare. In ya kai cinikin wata shida, a rage jerin ko a dakata. Ana iya gwadawa ma: a canza hotunan rabin kayan, a bar rabi da tsofaffin, kada a taɓa farashi, a ƙirga saƙonni, ciniki da kayan da aka mayar na wata guda.

Akwai kuma waɗanda ban ga dalilin su biya ba tukuna. Wanda kayansa ke canzawa kowane mako, ko mai sayar da kayan hannu guda-guda, hoton ƙwararre zai tsufa kafin a miƙa shi. Wanda bai tsai da tambari ko kwalin kayansa ba, ya jira, don duk canji yana kashe hotunan. Wanda kayansa ke da matsala kuwa, hoto mai kyau zai ƙara yawan masu ƙorafi ne kawai. Mai kaya masu yawan canzawa gara ya biya mai hoto na yini ɗaya ya kafa masa kusurwar ɗauka ya koya masa: tebur a gefen babbar taga inda rana ba ta faɗowa kai tsaye, farin labule mara kauri a jikin tagar, farin kwali a ɗaya gefen don mayar da haske cikin inuwa, doguwar farar takarda da ta sauko daga bango ta lanƙwasa zuwa kan tebur ba tare da ninki ba. A kashe fitilar ɗaki, a kashe filashi, a goge gilashin waya. A kafa wayar a kan ƙafa kamar mita ɗaya da rabi daga kayan, a yi amfani da kyamarar da ke jawo abu kusa, wato 2x ko 3x, in wayar tana da ita, a danna kan kayan a riƙe don saiti da haske su kulle. Sai a manna salatif a ƙasa inda ƙafar wayar ke tsayawa da inda kaya ke zama a tebur, a riƙa ɗauka a lokaci iri ɗaya na yini, domin hoton da aka ɗauka yau ya yi kama da wanda za a ɗauka bayan wata uku.